Agogon Mai Fenti

Tela yana durƙushe gaban wani mutum yana auna masa tsawon wando, fil biyu a bakinsa, sai wayarsa ta yi ƙara a kan teburin yanka. Ya so ya ƙyale ta. Da ya leƙa ya ga daga gidan amininsa ne, mai fenti, wanda kowa ke kira Tsani saboda tsawonsa, sai ya tofar da fil ɗin a tafin hannu ya ɗauka da wasa a baki.

"Matarmu, yau kuma me dogon naki ya ɓata?"

Ba ta yi dariya ba. Muryarta a bushe take.

"Ka zo ka yi musu magana, kai suna jin taka. Wai ya rasu. Ga agogonsa a hannunsa yana nuna zuciya tana bugawa, su kuma wai ya rasu."

Tela bai san lokacin da ya fita ba. Sai a bakin titi ya lura tef ɗin awo yana rataye a wuyansa, ya bar shago a buɗe da mai wando a tsaye. Bai koma ba. Ya kama hanya yana sauri, kuma duk inda ya ɗaga ido aikin Tsani yake gani: ga kantin magani da ya yi wa shuɗi, ga katangar makaranta, ga ƙofar mai gyaran waya.

Tun suna koyon sana'a suka haɗu, suka kama ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Tela gajere ne, mai son zama. Tsani kuwa in ya kwanta, ƙafafunsa sai sun wuce katifa. Gashinsa bai taɓa rabuwa da ɗigon fari ba, har ba a gane ranar da furfurar gaske ta fara fito masa ba. Yana waƙa a kan tsani da muryar da ko agwagwa ba za ta so ba, amma bai taɓa barin ɗigo a daɓen kowa ba. Ranar da tela ya buɗe shago, Tsani ya zo da ragowar gwangwanaye daga ayyuka dabam-dabam, ya shafe masa bango huɗu da launi huɗu.

"Kyauta ce, Sarkin Zama, ba a zaɓen launi," in ji shi.

Har yau shagon haka yake.

Tsani ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata uku, ya ciyar da su da buroshi da bokiti. Ciwo bai san shi ba, sai ranar da murfin gwangwani ya yanke masa hannu ya je asibiti a ɗinke. Can aka auna shi aka ce yana da hawan jini, kuma ya yi sama sosai. Likita ta ba shi ƙwaya, ta ce kullum da safe, ba fashi, ko yana jin lafiya ko ba ya ji.

Ya sha, ba a ce bai sha ba. Amma ƙwayar tana sa shi fitsari, kuma mai fenti baƙo ne a gidan mutane. Yana can ƙololuwa, buroshi a jiƙe, sai ya sauko, ya goge hannu, ya tsaya a bakin falo yana sallama, ya roƙi matar gida ta nuna masa banɗaki. Kafin azahar ya yi haka sau da yawa. Wata rana wata mata ta ce wa mijinta, a kunnensa, "Wannan fenti ya zo yi ko zarya?" Tsani ya ba tela labarin yana dariya, amma tela ya san dariyar ba ta kai ciki ba.

Ana haka ya samu aiki a wani gidan motsa jiki, babban zaure mai madubai. Ya dawo da labari cike da baki.

"Sarkin Zama, na ga abin mamaki. Mutane suna gudu a kan wani bel mai juyawa, gumi sharkaf, ba inda suka je. Kowa da agogo a hannu, ya yi taku biyu ya duba, ya yi taku biyu ya duba. Wai agogon ke gaya musu yadda zuciyarsu take, da jininsu, har da barcin da suka yi jiya."

"To shi mutum bai san ya yi barci ba sai an gaya masa?"

"Kai dai baƙauye ne. Duniya ta wuce ka kana kan keken ɗinki."

Da farko ba'a yake yi musu. Daga baya ya riƙa tsayawa da buroshi a hannu yana kallon yadda mai horar da su ke duba hannun tsofaffi yana cewa sun yi kyau. Ya tambayi kuɗin irin nasu, ya ji abin ba na mai fenti ba ne. Sai ga shi wata yamma ya shigo shago yana miƙa hannu kamar amarya da lalle. Baƙin agogo mai roba, ya saya a faifan wani mai talla a tashar mota. In ka taɓa fuskarsa, sai wata 'yar zuciya ta fito tana ƙiftawa, lambobi su biyo baya, duka kore.

"Kore lafiya, ja hatsari. Ka gani? Likita a hannu, ba layi, ba kati."

"Araha dai ba ta ado," in ji tela.

"Hassada ce. Kawo hannunka."

Ya ɗaura wa tela. Kore. Suka yi dariya, tela har da jin daɗi, don shi ma yana tsoron asibiti.

Gaskiya agogon ya yi masa wani amfani. Saboda shi ya fara fita tafiya da sassafe, ya daina hawa mota in wurin aiki ba nisa, ya rage gishiri. Tumbinsa ya faɗa. Maƙwabta suka fara tambayarsa inda ake samu. Amma da ya ga kullum kore, safe kore, yamma kore, sai ya ce jinin ya sauka. Ya fara tsallake ƙwaya ranar aiki. Daga nan ya bar ta a kan taga har kwalin ya koɗe.

Matarsa ta yi magana, ya nuna mata hannu. Ita ma ta saki jiki, don me za ta ce da abin da ke ƙiftawa a gabanta? Har ta saba, in ya yi barcin rana ta zo ta taɓa agogon, ta ga kore, ta koma aikinta da kwanciyar rai.

Tela ne bai saki jiki ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ya ga Tsani yana yawan dafe ƙeya. Ya ga idonsa ya yi ja. Ya ga ya zauna a benci yana lumshe ido, mutumin da ba ya zama.

"Warin fenti ne," in ji Tsani.

"Shekara nawa kana shaƙarsa bai taɓa kama maka ƙeya ba? Tashi mu je a auna ka da na asibiti, ni zan bi maka layin."

"In agogon ya yi ja, da ƙafata zan je. Na yi maka alkawari."

Sun yi wannan gardama har ta zama gaisuwa. Agogon bai taɓa yin ja ba.

Da tela ya isa gidan, mutane sun cika tsakar gida, kowa ya yi cirko-cirko. Tsani yana kwance a ɗaki a kan tabarma, da kayan aikinsa a jiki, takalmi ɗaya a ƙafa. Yana ɗaura shi ne ya kife. Maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya tana tsaye a bakin ƙofa, ta kama hannun tela ta yi ƙasa da murya.

"Baba, na duba wuya, na duba ido, na saurari ƙirji. Ya tafi tun ɗazu. Na gaya mata, ta ƙi. Ta hana a rufe shi."

Matar tana zaune a ƙasa, ta rungume hannun mijinta a cinya. 'Ya'yan suna bayanta, sun ƙi kuka don uwarsu ta hana. Ta taɓa agogon ta juyo da shi.

"Duba. Duba da idonka. Suma ce. Ka ce su nemo mota."

'Yar zuciyar tana ƙiftawa. Kore.

Tela ya durƙusa. Ya taɓa goshin amininsa, sanyin ya ratsa shi har gwiwa. Ya so ƙwarai agogon ya zama mai gaskiya. Ya daɗe a durƙushe yana son hakan. Sannan ya ce, "Matarmu, ara mini shi kaɗan."

Ta bar shi ya kwance. Inda robar ta zauna, fatar ta yi haske, ba ɗigon fenti ko ɗaya. Tela ya jawo kujerar katako da ke gefen gado, ya ɗaura agogon a ƙafarta, ya matse. Ya taɓa fuskar agogon.

Zuciyar ta fito tana ƙiftawa. Lambobin suka biyo baya, kore, irin na kullum.

Matar ta dubi ƙafar kujera. Ta miƙa yatsa ta taɓa da kanta, ta jira. Kore. Ta juya ta dubi taga, inda kwalin magani yake, ya koɗe da rana. Ta cire mayafinta a hankali ta lulluɓe wa mijinta fuska, ta gyara gefen kamar mai gyara wa yaro bargo. Sai a lokacin babbar 'yar ta fasa kuka, sauran suka bi.

Tela ya fito ya jingina da bango, bangon da Tsani ya shafe da hannunsa. Ya ji tef a wuyansa, ya tuna wandon da ke rataye a shago. Jiya da yamma Tsani ya kawo shi a rage masa ƙugu. Ya tsaya ya ɗaga hannuwa, tela ya zagaya shi da tef, yana jin numfashinsa a saman kansa.

"Ka rame, Tsani."

"Ba rama ba ce, lafiya ce. Tef ɗinka bai san bambanci ba."

"Ƙeyar fa?"

"Tana nan inda Allah ya ajiye ta."

"Gobe mu je asibiti. Don ni, ba don kai ba."

"Gobe ina da falo biyu da kicin. Jibi." Ya ɗauki bokitinsa, ya kai bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai kamar kullum don kada ya bugi saman ƙofar, sannan ya waiwayo. "Kada ka yanke yadin, Sarkin Zama. Ka naɗe shi ta ciki."

"Don me?"

"Tsufa na zuwa. Zan sake yin tumbi, ka buɗe mini."

"To, jibin dai."

"Jibi, in Allah ya kai mu."