Yadda Kawu Ya Shiga Zauren Ƙwallo

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani ɗan ofishin kwamfuta a Samaru, ina kwana a gidanmu da ke Limancin Kona. Da safe in taka zuwa Ƙofar Doka in shiga bas, bayan la'asar in dawo. Aikina buga wa malamai takardu da aika musu imel, don a lokacin ba kowa ke da kwamfuta ba. Layin tarho ɗaya ofishin ke da shi. Sai ka yi ta kira, na'urar haɗa kwamfuta da layin tana wani kuka kamar an shaƙe zakara, kafin ta haɗu. In ta haɗu kuma ka koma addu'ar kada a ɗauke wuta.

Ina da aboki ɗan Wusasa da muka yi sakandare tare, shi gola ni ɗan baya. Ya tafi Ingila karatu, kewar gida ta dame shi, sai ya buɗe wani zaure na imel don 'yan Zariya da ke ƙasashen waje su riƙa hirar ƙwallo. Tsarin ba shi da wuya. Ka aika saƙo zuwa adireshi ɗaya, ya isa ga duk wanda ke ciki. Amma kafin ya isa, sai mai kula da zauren ya karanta ya ba shi hanya. Da mutane suka yi yawa, karatu kuma ya sha masa kai, sai kawai ya rubuto mini cewa ya naɗa ni mai kula na biyu. Bai nemi shawarata ba. Ya ce ni ne a gida, ni ke jin sakamakon wasannin kulob-kulob a rediyo, kuma ya san ni da haƙuri.

Da farko na ji daɗin abin. Akwai ɗalibai, akwai malaman jami'a, har da wani direban tasi da ke rubutu sau ɗaya a mako, duk da manyan baƙaƙe. Ana haɗa Hausa da Turanci yadda aka ga dama. Gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ta 'yan gida da 'yan waje: wa ya cancanci sa rigar ƙasa, yaran da ke buga wa kulob-kulob ɗinmu, ko waɗanda suka tafi Turai suka zama ƙwararru? Wanda ya fi kowa zafi a kan wannan wani likita ne da ke Amurka. Ban taɓa ganinsa ba. A wurinsa, duk ɗan wasan da bai ƙetare teku ba ɗan kallo ne. Yakan ce filayenmu kunyoyin gona ne, alƙalan wasanmu kuma 'yan kallo suke tsoro, ba doka ba.

Wata rana layi ya ƙi zama, sai na buga saƙonnin ranar a takarda don in karanta a gida. A ƙofar gida na tarar da Kawu, yayan mahaifiyata, zaune kan tabarma da rediyonsa kamar kullum. Tsohon ma'aikacin mulki ne da ya yi ritaya, kuma a ƙuruciyarsa ya daɗe yana busa wasannin makarantu. Na durƙusa na gaishe shi, idonsa na kan takardun.

"Aikin ofis ne ka kwaso gida?"

"A'a Kawu, hirar ƙwallo ce ta mutanenmu da ke waje."

Ya miƙo hannu. Ya sa tabarau, ya karanta a natse, har ya iso kan na Likita. Nan na ga ya gyara zama.

"Wane ne wannan?"

"Wani likita ne a Amurka."

"Ya taɓa zama a fili cikin rana ya ga yaran nan da idonsa, ko a talabijin ya san ƙwallo?"

"Wallahi ban sani ba, Kawu."

"Ɗauko biro."

Haka Kawu ya shiga zauren. Na buɗe masa adireshi da laƙabin tsohon alƙalin wasa, ba wanda ya san dangantakarmu. Yakan faɗa ina rubutawa, da irin Turancin ofis na da, in ransa ya ɓaci ya juye zuwa Hausa. Washegari in buga a kwamfuta in aika, in kwaso amsa in kawo masa. Maganarsa ta farko ma da hujja take. Ya ce duk ɗan wasan da ake taƙama da shi a Turai a kan kunyar gonar nan ya koyi tare ƙwallo, kuma wanda ya iya da fili mai rami ba zai kasa da fili mai ciyawa ba. Mutane da yawa suka yaba. Likita bai yaba ba.

Daga nan na zama ɗan aike. In na dawo da yamma, tun daga nesa Kawu zai rage ƙarar rediyo yana jirana. Ranar da layi ya ƙi, ko aka ɗauke wuta, ba ya yarda. Cewa yake lalaci ne irin na yaran yanzu. Abokan zamansa su ma suka sa baki, kowa da abin da yake so a faɗa wa Likita. Ga aikin da ake biyana dominsa yana taruwa a tebur, ga malamai suna leƙowa suna tambayar takardunsu, ni kuwa ina zaune ina tantance wa ya zagi wa a kan mai tsaron gida.

Gardamar ta bar ƙwallo ta koma kan mutane. Likita ya ce da gani wannan tsohon bai taɓa wuce Ƙofar Doka ba. Kawu ya ce a gaya wa mai allura ya tsaya kan allurarsa. Dokar zauren ita ce ban da zagi, don haka na fara rage musu. In cire kalma a nan, in sassauta wata a can. Ban daɗe ina haka ba Kawu ya ce in riƙa bugo masa har da nasa saƙon kamar yadda ya fita. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ina wurin da na ce kansa babu komai sai sunayen Turawa?"

"Kawu, doka ta hana."

"Dokar wa? Ni da na busa wasa tun ba a haife ka ba za ka koya wa doka?"

Likita shi ma ya gane ana taɓa masa rubutu. Ya kai ƙarata wurin abokina, ya ce mai kula na Zariya yana da ɓangare, yana danne bakin 'yan waje. Wato a gida ni ne mai kare Likita, a zaure kuma ni ne mai kare tsoho.

Abokina ya rubuto yana murna, wai ya samo mafita. An fito da wani sabon tsari da na'ura za ta riƙa tace saƙo da kanta. Ba sai mutum ya karanta ba. Saƙo mai tsabta ya wuce kai tsaye, mai ɗauke da ashar a tsare shi a wani akwati. Na ce masa na'urar nan ba ta jin Hausa. Ya ce mu dai gwada. Ya kunna, bai kuma tuna ya ba ni mabuɗin akwatin ba.

Tun ranar farko abin da na ji tsoro ya faru. Likita ya gano cewa in ya yi zagi da Hausa ba abin da ke tare shi. Ya saki baki, ya kira Kawu tsohon banza, ya kira maganarsa gidadanci, duk suka wuce sumul. Kawu ya mayar da martani, na buga na aika, amma saƙon bai fito ba. Na ɗauka layi ne, na sake aikawa. Shiru. Kwanaki suka yi ta wucewa haka, kullum Kawu ya faɗa in rubuta, kullum in dawo da takardun da babu sunansa a ciki. Likita kuwa ya samu fili. Ya rubuta cewa tsohon alƙali ya jefar da usur ya gudu.

Da Kawu ya karanta wannan sai ya ajiye takardar gefe. Washegari na gaishe shi, ya ƙara wa rediyo murya. Da na shiga cikin gida na tarar da mahaifiyata tana jirana.

"Me ka yi wa yayana?"

"Inna, ban yi masa komai ba. Na'ura ce ke riƙe saƙonsa."

"Na'urar ba kai ke danna ta ba?"

Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa abin yana Ingila, ni aikawa kawai nake yi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita dai abin da ta sani shi ne, wani yana can yana zagin yayanta, ɗanta kuma shi ke ɗauko zagin a bas ya kawo har ƙofar gida.

Na yi ta rubuta wa abokina ya duba akwatin, yana cikin jarrabawa bai amsa ba. Da ya samu sukuni ya buɗe, sai ga saƙonnin Kawu jibge, tare da na wasu mutane da muka ɗauka sun gaji da zauren ne. Dalilin ya ba ni haushi fiye da yadda zan iya faɗa. Kawu ba ya fara rubutu sai da cikakkiyar sallama, kuma ashe haruffa ukun farko na sallamar sun yi daidai da wata kalmar batsa ta Turanci. Duk wanda ya shigo da ladabi an tsare shi, wanda ya faɗo ba sallama yana zagi ya wuce. Abokina ya ji kunya ƙwarai. Ya ce shi da ya tashi a Wusasa yana amsa sallamar maƙwabta, bai taɓa zaton zai zama mai kulle ta ba. Don ya wanke kansa, sai ya saki duk abin da ke akwatin a lokaci guda, bai bari na duba ba.

Fushin Kawu na kwana da kwanaki ya sauka a zauren rana ɗaya, ba a rage ko kalma ba. Likita ya mayar da wani dogon saƙo. Bayan ya gama da Kawu, ya ce shi ba ɗan ƙaramin gida ba ne da wani zai raina, kowa a Gyallesu ya san mahaifinsa, har ya faɗi muƙamin da mahaifin ya riƙe kafin ya bar aiki.

Na so in ɓoye wannan takardar, amma Kawu ya riga ya saba bin lambar shafi. Ya karanta, ya sake karanta wurin muƙamin, ya cire tabarau.

"Ashe ɗan Alhaji ne. Ofishinmu ɗaya da ubansa. Ni na nuna masa yadda ake rubuta rahoto."

"Kawu, don Allah a bar maganar nan a zaure."

"Gobe Asabar ba ka da aiki. Za ka raka ni."

Ya sa babbar riga, muka tafi Gyallesu. Alhajin dattijo ne mai sanyin magana. Ya tarbi Kawu da murna, aka kawo ruwa, suka daɗe suna tambayar juna iyali da tsofaffin abokan aiki. Sannan Kawu ya ce in karanta. Na karanta ina rage murya, in na zo wurin zagi in yi sauri, Kawu ya ce in maimaita. Alhaji ya sunkuyar da kai har na gama.

"Ɗana ne ya rubuta wannan?"

"Shi ne, Alhaji," in ji Kawu.

"A kan ƙwallo?"

Alhaji ya girgiza kai. Ya ba Kawu haƙuri, ya ce zai neme shi a tarho. Ya rako mu har bakin titi.

Cikin makon sai ga saƙon Likita, gajere. Ya ce, Baba, ban san da wa nake magana ba, a gafarce ni. A ƙasa ya ƙara da cewa ya fita daga zauren, don ba zai zauna inda ake kwasar hirar mutum a kai wa iyayensa ba. Wasu suka bi shi. Waɗanda suka rage suka koma taka-tsantsan, kowa na tunanin wane tsoho ne ke karanta shi a cikin ganuwa. Abokina ya rubuto mini layi biyu kawai, yana tambaya ko da gaske ni na kai maganar gida. Na zayyana masa yadda aka yi. Ya daɗe bai amsa ba, da ya amsa kuma maganar wani wasa ya yi.

Zauren ya yi sanyi. In na buɗe da safe, sai in tarar da sakamakon wasan da ni kaina na aika jiya, wani lokaci da saƙon direban tasi. Wata yamma na dawo hannu sake, Kawu ya rage rediyo.

"Yau ma babu takarda?"

"Babu, Kawu. Likita ya fita."

"Ya fita ya je ina?"

"Ya bar zauren. Ba zai sake rubutu ba."

Ya yi tsaki. "Ni cewa na yi a tsawata masa, ban ce ya yi shiru ba. Duk cikinsu shi kaɗai ke da abin faɗa. Ka rubuta masa ya dawo, ban gama da shi a kan maganar gola ba."

Na rubuta masa, don ba yadda zan yi. Bai amsa ba. Bayan wata ɗaya ko biyu na roƙi abokina ya cire ni daga kula da zauren, ya cire ni ba tare da ya tambayi dalili ba. Kawu ya koma sauraron wasanninsa a rediyo. Har ya rasu, duk sanda maganar ta taso a gaban abokansa, cewa yake an taɓa samun wuri mai kyau na hirar ƙwallo, sai aka ba ɗan ƙanwarsa riƙo, shi kuwa bai iya da jama'a ba.