Rub da Ciki a Asibitin Bakin Iyaka

Ƙanena baduku ne, kamar ubanmu da kakanmu. A Birni aka haife mu, a lungun da warin jima ke tarar baƙo tun bai yi sallama ba. Ni ce babba, shi ne auta. Uwarmu ba ta daɗe a duniya ba bayan ta yaye shi, saboda haka ni na goye shi, ni na yi masa wanka, ni na kai kayan aurensa. Har ya yi furfura bai taɓa zama bisa kujera ina ƙasa ba. Ina faɗin wannan ne don a san in na ce masa yi, yi yake yi.

Shekarar korona, da aka rufe iyaka, jakunkuna da takalman da yake kai wa Kano suka taru masa a ɗaki. Ya gaji da kallonsu, ya kwashe su ya tafi wani gari na bakin iyaka ko zai sami mai tsallakar da su. A can ciwon ya kama shi. Da aka kira mu a salula, matarsa ta miƙe za ta bi mota, ƴaƴa suka hana ta saboda ciwon sukari. Ni ba a haifi mai hana ni ba. Na ɗaura zane na tafi.

Asibitin ƙarami ne. An ware ɗaki guda can ƙarshe don masu wannan ciwo, ƙofarsa kullum a kulle, ba mai shiga sai majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, shi ma sai ya rufe jikinsa ruf da farar leda. Mu dangi taga aka bar mana, mai gilashi. Na leƙa na ga ƙanena kwance a gefen dama, fuska gabas, an rufe masa hanci da baki da wata roba mai igiya zuwa tukunyar iska. Ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugin maƙera.

Na ce wa majo, "Ɗana, ina lokotoro?"

Ya ce, "Inna, likita kike nufi? Lokotoro na Yamai."

"To yaushe zai iso?"

Ya yi ƴar dariya. "Ai ga shi can."

Ya nuna mini wata talabijin a bisa sandar ƙarfe mai ƙafafun taya, a tsakar ɗakin. Cikinta ga mutum zaune da tabarau, yana magana, yana kallon gadaje. Majo ya ce daga can yake ganin numfashin kowa da bugun zuciyarsa, ya faɗi abin da za a yi, su kuma su yi. Ya ce ba mu kaɗai ba ne, asibitocin iyaka da yawa shi ke duba su, ya leƙa nan ya leƙa can.

Na ce, "Mai maganin da bai taɓa goshin majinyaci ba? Allah ya kyauta."

Washegari da hantsi majo ya zo inda nake zaune a gindin itacen bedi, ya durƙusa. Ya ce lokotoro ya ba da umarni a kifa ƙanena rub da ciki, wai huhun mutum ya fi faɗi ta baya, in an kifa shi iska ta fi shiga. Sun kifa shi, ya juyo. Sun sake, ya sake juyowa, har ya fizge robar. Majo ya ce, "Inna, ya ce ke kaɗai yake jin maganarki."

Ni na san dalili tun bai gama ba. A gidanmu ba a kwana rub da ciki. Ubanmu in ya tarar da yaro haka, da ƙafa yake tashinsa, ya ce wannan kwanciyar ƴan wuta ce. Da haka muka girma. Mutumin da yake jin tafiya ta kusa, ka ce ya ba alƙibla baya ya kifa fuska a katifa?

Aka turo talabijin ɗin bakin taga, aka buɗe gilashin kaɗan, aka sa ni na ja da baya da ƙyalle a baki. Lokotoron ya gaishe ni da Hausarsa mai nauyi, irin ta Zabarmawa. Idanunsa jajaye ne don gajiya. Bai yi mini girman kai ba, wannan kam na shaide shi. Ya ce, "Inna, ba ni da wata na'ura da zan aiko muku. In aka ɗauke shi zuwa Damagaram ba zai kai da rai ba, iyaka kuma a rufe take. Abin da ya rage mana shi ne kwanciyar nan."

Na ce, "In an kifa shi zai tashi?"

Ya ce, "Ban sani ba. Wasu suna tashi."

Na matsa na kira ƙanena. Na ce, "Kai, auta, taurin kan me kake yi wa mutane? Da tsufanka?"

Ya ɗaga robar da yatsa biyu. Kalma ɗaya ɗaya take fita. "Yaya, kin manta Baba?"

"Baba bai ga korona ba. Kifa, na ce."

Yana haki ya ce, "In abin ya zo, wa zai juya ni?"

Na waiwaya ga talabijin na ce, "Ka ji. Amsa masa." Lokotoro ya ce yana ganin alamu kafin lokaci, in ya gani zai gaya wa majo a mai da shi gefen dama. Na ce wa ƙanena, "Ka ji da kunnenka. Ni ma ina nan a taga, ba inda za ni. Na ɗauka a wuyana."

Ya ce, "To, Yaya." Ya bari aka kifa shi.

Kwanakin da suka biyo har na fara sa rai. Majo ya ce numfashin ya ɗan daidaita. Ana juya shi ya sha kunu, a sake kifa shi. Duk sanda za a kifa sai ya nemi taga da ido, in ɗaga masa hannu.

Ranar da abin ya zo, kafin azahar ne, rana tsaka, ko inuwa ba ta karkata ba. Motar da ke kawo tukwanen iska ta iso, majo ya cire ledarsa ya tafi bakin ƙofar asibiti karɓowa, don tukunyar wata mata da ke gadon kusa ta kusa ƙarewa. Ina tsaye na ga ƙafar ƙanena tana shure zanen gado. Na dubi talabijin. Fuskar lokotoro na nan, baki a buɗe, ba ta motsi. Daga baya aka ce mini rezo ne, wato layin sadarwa, ya ɗauke.

Na buga gilashi. Na zaga na girgiza ƙofa, a kulle. Na yi ihu har masu jinya na sauran ɗakuna suka fito, wani ya ruga kiran majo. Na komo taga. Ƙanena ya dafa katifa da hannu ɗaya yana son ya ɗago, hannun ya zame. Na manna bakina a gilashi ina faɗin kalmar shahada da dukan muryata, ina sakewa, ina sakewa. Ƙeyarsa kawai nake gani, da tafin ƙafarsa.

Kafin majo ya iso ya sa leda ya buɗe ƙofa, ƙafar ta daina motsi. Ya juya shi gefen dama, ya rufe masa ido. Ana cikin haka talabijin ta farfaɗo. Lokotoro ya dubi gadon, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sai wani asibitin ya kira shi, ya tafi.

A can aka binne shi, ba su ba mu gawa ba. Malamai sun gaya mini mara lafiya yana da uzuri, Allah ba kwanciya yake dubawa ba. Na yarda da su. Amma shi ba wanda ya gaya masa haka a lokacin da yake dafa katifar nan.

Da na komo Birni na tarar gida cike da masu gaisuwa, duk da an hana taro. Matarsa ta bari sai da aka ragu, ta jawo ni ɗaki, ta riƙe hannuna.

Ta ce, "Yaya, ke kika gani. Ya cika da kalma?"

Na ce, "Ni dai na faɗa masa. Bakinsa yana cikin katifa."

Ta saki hannuna, ta koma kan tabarmarta ta takaba.