Gwangwanin da Na Binne Kusa da Inna

A farkon 1991, lokacin yaƙin Kuwait, da jiniya ke kuka a Riyad mutane na manna salatif a gilasan taga, ina da shekara goma. An rufe makarantu, yaran unguwarmu Manfuha suka cika lunguna. Ni rufewar ba ta canza mini komai ba, domin sunana ba ya cikin iƙamar Baba, wato takardar izinin zama, don haka ban taɓa shiga aji ba. Aikina wanke kwanukan mazan da muke haya tare, da sayo gurasa, da jiran Baba ya dawo da motar simintin da yake tuƙawa.

Habibu, ɗan Kawu Sale tela, shi ya ƙirƙiro wasan. Gwangwanin madara ne muka zuba wa abubuwan da muke ji da su, marafan kwalba da ƙwallayen gilas. Mutum ɗaya zai ɓoye shi, ya faɗi inda za a fara da yawan takun da za a yi, sauran su bazama nema. Wanda ya gano sai ya rubuta sunansa a takardar da ke ciki. Da yake ban iya rubutu ba, sai in shafa tawadar biro a babban yatsa in dangwala, in kuma yi ƙulli ɗaya a wani baƙin zare da na tsinta a shagon Kawu Sale na saka a gwangwanin. Ƙullina ya kai bakwai, na fi kowa ganowa.

Da ɓoyon ya zo kaina, sai na tuna maƙabartar bayan unguwa. A can ba a rubuta suna a kabari. Dutse ne a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. Kabari ɗaya kaɗai kowa ya sani, na wani tsohon malami da aka ce an binne shi tun Manfuha na ƙauye, saboda magaryar da ta fito a gefensa. Inna, mahaifiyata, tana kwance kusa da wurin, shekara guda da rasuwarta. Baba ya shafa wa dutsen kanta shuɗin fenti, kamar yadda wasu ke sa guntun tayil ko ƙarfe, kuma duk Juma'a bayan la'asar muna zuwa. Na bi ta inda katanga ta zube, na tona gindin magaryar na binne gwangwanin. A raina, na ba Inna ajiya ce.

Mai gadi ne ya ga sabuwar ƙasa, ya tona, ya kira mutane. Ranar Juma'a muka tarar da su a tsaye, wani mai jan ƙyalle a ka yana riƙe da zarena da bakin yatsu biyu. Ga sunayen baƙaƙen fata a takarda, ga shatin yatsa, ga ƙulli bakwai, a gindin kabarin malami. Suka ce sihiri ne. Na ɗaga murya da Larabcin titi na ce nawa ne, wasa muke yi. Mutumin bai ko dube ni ba, ya ce, "Uskut, ya walad," wato in rufe bakina. Baba ya matse mini kafaɗa ya ce, "Musa, yi wa Allah ka yi shiru." Suka warware ƙullin suna karatu, suka ƙone takardar. Sannan aka ce a kwashe duk wata alama a wannan sashen. Lebura ya turo baro. Ina kallo Baba, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba, yana bin baron yana cewa, "A bar mini shuɗin nan kawai, matata ce." Aka jefa dutsen cikin sauran, aka jera fararen duwatsu iri ɗaya. Kafin wata Juma'ar an sare magaryar, an tumɓuke kututturen.

Har yau idan na tuna raina tafasa yake yi. Manya bakwai ko takwas, masu karatu, sun ga marafan lemo da ƙwallayen yara a gwangwanin, amma babu wanda ya tambayi yaro ko ɗaya. Namu kuma sun fi ba ni haushi. Kawu Sale ya san zaren, daga shagonsa ya fito. Baba ya je ya roƙe shi su tafi tare da Habibu a yi bayani tun ba a sare bishiyar ba. Kawu Sale ya ce, "Haba Malam Garba, iƙamarmu na hannun mutane. Mamaci ai ba ya ɓata a wurin Allah." Ya zane Habibu, ya hana shi kula ni, sauran iyayen suka bi sahu.

Baba bai taɓa duka na a kan wannan ba, ko faɗa bai yi mini ba, kuma da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Duk Juma'a sai mu tsaya gaban kaburbura huɗu da yake zaton ɗaya daga ciki ne, ya yi wa kowanne addu'a. Wani lokaci ya ce na biyu ne, wata Juma'ar ya koma na huɗu. Haka muka yi shekara uku, har aikinsa ya ƙare muka dawo Gusau, inda ya rasu.

Yanzu da furfura a gemuna nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, wannan ma sai da na yi sati uku ina rubuta shi. 'Yata ta ce a wasu ƙasashe har manya na yin irin wasanmu da waya. Ta buɗe mini taswira, ta nuna mini maƙabartar daga sama, layi bayan layi, duk iri ɗaya. Na daɗe ina kallo, na miƙa mata wayarta.

Abin da aka rasa: bishiya ɗaya, abokai uku, Juma'ar Baba ta shekara uku, da kabarin uwata.