Tsokar da Muka Binne a Kalakla

A shekarun da sojoji ke mulki, ni bazawara ce mai ƙafa biyu da bakin tsiya, ina sayar da shayi a gefen tashar motar kasuwar Suk al-Shabi a Hartum. Idan 'yan sanda suka zo kwashe mana murhu da kujeru, babu wadda ke riga ni tserewa da butarta. Da ƙafafun nan nake ciyar da 'ya'yana tun rasuwar ubansu.

Sai wani ƙullutu ya fito mini a cinyar hagu, ba zafi ba ƙaiƙayi. Da ya kai girman lemon tsami, wani likita a Umdurman ya yanke shi. Ya ce da alama kitse ne, amma ya ba mu shi a kwalba, ya ce lallai mu kai ɗakin gwaji. Muna isa gidanmu a unguwar Kalakla, sai baffana, wanda shi ne babba a zuri'armu, ya karɓe kwalbar. Ya ce naman ɗan Adam ba abin yawo ba ne a hannun baƙi, kakanninmu da suka tako ƙasa don zuwa Makka ko farce suka yanke binnewa suke yi. Na tuna masa maganar likita, ya ce yaushe mai shayi ta fara koya masa addini. Aka naɗe tsokar a farin ƙyalle, aka binne ta a gindin darbejiya, har da addu'a.

Shekara ba ta zagayo ba abin ya dawo, ya fi na da girma. A babban asibitin Hartum wata likita ta nemi sakamakon gwajin farko, na faɗa mata inda tsokar take kwance. Ta ce ciwon daji ne na tsoka, kuma ire-irensa suna da yawa, a ido duk kamarsu ɗaya. Bambancin yana cikin ƙwayoyin halittarsu, waɗansu a farke waɗansu suna barci, shi ke nuna mai laushi da mai cin mutum da sauri. Ta ce da an duba tsokar farkon, da an faɗaɗa yankan tun yana ƙarami. Yanzu kam ya naɗe jijiyoyi, sai dai ƙafar ta tafi.

Bayan an yanke, baffa ya zo dubiya yana ta ambaton ƙaddara. Wallahi ko kunya, ya tambaya ko an adana ƙafar don a yi mata sutura. Na ce ya ɗauka, ai dama shi ya fara haƙa mini rami.

Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta karɓe kwalbar daga hannuna ba. Har yau ban yafe ba, ba zan yi ƙarya ba. 'Yan uwa, duk abin da likita ya cire a jikinku, ku kai a gwada kafin a binne, ko wane ne ya hana. Ƙasa ba ta gaggawa, ni ga shi tana karɓa ta kaɗan-kaɗan.