Yadda Na Sayar da Muryar Babana

Kafin a san ni da ɓarawo, mai gyaran waya ne ni a kasuwar Dogon Dutsi, a wata rumfar kwano kusa da tasha. Ɗan Dumega ne ni. Babana manomi ne, ba shi da dukiya, amma mutane sun yarda da shi. Duk kaka, idan an yanke gero, kowa yakan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ɗaure, ya kawo wa Baba ya ajiye masa a rumbu. Irin shuka ke nan. Sun san yunwar bazara na iya sa mutum ya cinye irinsa, amma Baba ba ya buɗe rumbun nan sai ruwan farko ya sauka, ko da mai shi ya zo yana kuka.

Ni kuwa na raina wannan. A wayoyin da nake gyarawa nake ganin sa'o'ina a Yamai, sun sha kwat, ana miƙa musu tallafi don sun ƙirƙiro manhaja. Na ce da me suka fi ni? Na shiga gasar da wata ƙungiya ta shirya wa matasa. Na ce zan gina babban ma'aji inda manomi zai ajiye irinsa, ya riƙa ganinsa a waya. Dabarar Baba ce na sa wa sabuwar riga. Suka tafa, suka ba ni kashin farko na kuɗin tallafi, suka ce sauran sai na nuna manoma na gaske.

Kuɗin nan bai ga bulo ko ɗaya ba. Ya ga ɗakin haya a unguwar masu hali ta Yamai, ya ga babur da sabuwar waya, ya ga gidajen abinci inda nake biya wa mutanen da ban san sunan ubansu ba. Suna ce mini shugaba, kaina yana kumbura.

Da lokacin nuna manoma ya matso, sai na koma gida. Mutanenmu ba sa karanta saƙo, murya suke saurare, kuma na san muryar da ba sa musu da ita. Na sami Baba yana gyaran igiya a gindin itacen bedi.

Na ce, "Baba, magana guda za ka yi cikin wayag ga, ka ce ma mutane su kawo iri wurina, a aje musu a sabon rumbu."

Ya ce, "Kai ka ga rumbun nan da idonka?"

"Na ganai, Baba."

"To, in kai ka gani, ni ma na gani."

Na riga na danna ɗaukar murya, har wannan amsar tasa ta shiga a farko. Ya yi maganar, na tura. Muryar ta zaga Dumega har ƙauyukan Tibiri. Amalanke suka yi ta zuwa. Na ɗauki hotuna na aika, sai ƙungiyar ta ce masu ba da kuɗi daga waje sun janye hannu, a jira. Mai gidan haya kuwa bai san jira ba. Na kwashe irin na sayar a wata kasuwa ƙetaren iyaka, a matsayin geron tuwo, ina gaya wa kaina zan mayar kafin damina.

Ruwa ya sauka. Mutane suka zo ƙofar Baba da ƙwarya ba komai a ciki. Gwaggo Tani, maƙwabciyarmu, wadda irin nan shi kaɗai mijinta ya mutu ya bar mata, ta kunna masa muryarsa a gaban jama'a. Baba bai musa ba. Ya buɗe rumbunsa ya raba nasa irin, ya sayar da rabin gonarsa ya cika. Sauran rabin ciyawa ce ta fito a ciki.

Jandarmomi suka kama ni a Yamai, aka yanke mini hukunci. Inna ce kaɗai ke zuwa kaso da fura. Na tambaye ta ko Baba ya tsine mini. Ta ce, "Bai zage ka ba, ɗana. Magana dai ya bari. Ko masallaci sai ya gaida mutane da hannu." Ina ciki ya rasu, ban ɗauki makararsa ba.

Da aka sake ni na tarar rumbun ya faɗi, ba wanda ke ba wani ajiya. Na durƙusa a ƙofar Gwaggo Tani ina neman gafara. Ta miƙo mini wayarta. Ta ce, "Na yahe. Ban goge saƙon ba, don ba mu da wata muryatai sai wagga."

Ku matasa masu neman tallafi, ku nema, ba laifi ba ne. Amma kada ku ci kuɗin abin da ba ku gina ba, kada kuma ku jingina ƙarya da sunan iyayenku. Na tuba, na koma noma rabin gonar nan. Sai dai duk duniya muryar Babana a saƙon nan kaɗai ta saura, kuma idan na kunna don kewa, abin da nake fara ji shi ne: "To, in kai ka gani, ni ma na gani."