Hular Alhaji a Kan Allon Kwamfuta

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba zan manta ranar da na nuna wa dillalan shanu na Enugu sabuwar manhajarsu ba.

Ƙungiyarsu tana da wata tsohuwar manhaja da ake shigar da bayanan motocin shanun da suka iso daga Arewa. Ta tsufa tukuf. Dillali ɗaya take nunawa a lokaci guda, sai sakatare ya yi ta danna maɓalli kafin ya kai ga na gaba, direbobi na tsaye a rana suna tsaki. Ni aka ba aikin sabunta ta, kuma shi ne babban aikina na farko. Na san hannuna, don haka ban ji ko ɗar ba. Na jawo komai daga rumbun bayanan na shimfiɗa shi a jadawali guda, layi-layi: sunan dillali, kasuwar da ya yi lodi, ranar isowa, da adadin shanunsa.

Ranar gwaji ofis ya cika, kowa da kofin shayinsa. Ina kunnawa jadawalin ya fito tsaf, har na fara murmushi. Sai wani dattijon Alhaji ya tashi, ya cire hularsa ya kifa ta a kan allon, daidai gidan adadi.

"Ɗana, wa ya ce ka baje dukiyar mutane a faifai?" ya ce. "Ba a faɗin yawan shanun mutum a bainar jama'a. Baki yana kama dabba."

Shugaban ƙungiya ya dube ni. "Malam, mayar mana da tsohuwar. Jinkirinta ya fi mana wannan."

Raina ya ɓaci, don na ga aikina zai tafi a banza. Amma na gane tsohuwar ba gudu ta fi tawa ba, rufin asiri take yi.

"Ranka ya daɗe, a ba ni kafin shayinku ya huce," na ce.

A gabansu na ɓoye gidan adadin, ba ya buɗuwa sai sakatare ya sa lambar sirri, shi ma layi ɗaya kawai. Sauran jadawalin na nan yadda yake.

"Alhaji, ɗaga hular."

Ya ɗaga a hankali, ya leƙa, ya nemi sunansa, bai ga lamba ba. Ya karkaɗe hular ya mayar kansa.

"To, yanzu ka yi aiki," ya ce.

Har yau da ita suke aiki. Daga ranar, kafin in baje kowane jadawali, sai na fara tambayar masu shi abin da ba sa so a gani.