Tela Ya Ɗinka Wa Tumatir Ɗaki

Ranar da na shiga ɗakin matar ƙanena na tarar da katifarta a ƙasa babu gado, na ɗauka ɓarayi ne suka shigo. Gadon ƙarfe ne irin na da, mai nauyin tsiya, a kansa ta yi renon yaranta duka. Ga sawun ƙafafunsa a kan siminti, shi kuwa babu shi babu dalilinsa.

"Ina gadon?" na ce.

Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yaya, leƙa bayan gida. Ƙanenki ya kai wa tumatir."

Na leƙa. Sai ga mutumin tsugune, tef ɗin awo rataye a wuya, alli a bayan kunne. Ya sa mai walda ya raba gadon, ya kafa gefen kai a nan, gefen ƙafa a can, ya lanƙwasa bututun ruwa na roba a tsakaninsu kamar haƙarƙarin saniya. Na tsaya baki buɗe.

Ƙanena tela ne, kuma Tela kowa yake kiransa, har matarsa. Tun bai iya wanke wuyansa ba yake kan keken ɗinki. Ba shi da fara'a, ba shi da hira, kuma bai taɓa cika alkawarin ranar karɓar kaya ba. Amma ɗinkinsa ba ya farkewa. Yadi ya tsufa ya mutu, ɗinkin yana nan. Ya taɓa tsayar da wani mutum a bakin titi, ya sa shi ya tuɓe riga don ya hango wata 'yar ɓaraka a hammata, alhali ba ma shi ya ɗinka ta ba. A wurinsa kafa a jikin ɗinki abin kunya ne, daidai da fita tsirara.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Zare ya daina shiga allura sai an saka masa, baƙi da shuɗi suka zama ɗaya. Masu kawo ɗinki suka janye a hankali, ya rufe shago ya kwaso keken ya dawo gida. Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya farke labulen falo ya sake ɗinkewa, ya bi tsummokaran kicin ya kalmashe musu baki. Matarsa ta ce idan ta daɗe zaune wuri ɗaya ita ma zai ɗinke ta da kujera.

Ana haka babban ɗansa ya zo da shawarar a zuba siminti a filin bayan gida a gina ɗakunan haya. Ba mugunta ba ce, yaron yana da gaskiyarsa, shi ne yake ɗauke da gidan. Amma wannan ɗan filin shi ne kaɗai wurin da ya rage wa Tela da babu wanda zai ce masa matsa. A wayar ɗan nasa kuwa ya taɓa ganin wani ɗakin leda da ake shuka a ciki, ruwan sama ba ya dukan shukar, tsuntsu ba ya ci. Ya ƙura masa ido, ya ce, "Ashe riga ce kawai aka ɗinka wa fili."

Ɗan ya yi dariya ya ce, "To Baba, ga fili ga ka. Idan ka ba ni tumatir na riƙe a hannuna kafin damina ta wuce, na bar maka wurin. Idan babu, magini zai shigo."

Shi wasa yake yi. Uban kuwa bai san wasa ba, shi ya sa gado ya tafi.

Ledar ma bai saya ba. Wurin mai sayar da katifa ya je ya kwaso fararen ledojin da ake yaye wa sababbin katifu, guntu-guntu. Ya wanke su, ya shanya, ya auna, ya zana da alli, ya hau keke. Matarsa tana saka masa zare tana mita. Ɗinki biyu-biyu ya yi wa kowace mahaɗa, ya kalmashe, ya sake bi. Da ya lulluɓa wa haƙarƙarin nan, ta zauna ɗas kamar an gwada. Bakin ƙasa ya binne shi a rami ya danne da duwatsu. Ƙofa kuwa ya yi mata maɓallai ta ciki, tun daga sama har ƙasa. Ya jera tsofaffin bokitai da buhuna cike da ƙasa da taki, ya dasa tumatir.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Na zaga shi, na ce, "Tela, ina taga?"

"Tagar me?"

"Ta ina iska za ta shiga? Ko kaji aka zuba a nan ai sai sun mutu."

Ya dube ni kamar na zagi iyayenmu. "Yaya, tun da kike, kin taɓa ganin na bar ɓaraka a ɗinkina?"

Na girme shi, amma ban taɓa cin gardama da shi ba.

Da farko hadari ya rufa masa asiri. Kullum sama a lumshe, ruwa yana sauka, na maƙwabta yana ruɓewa a waje, nasa yana ta tashi kore shar har ya yi fure. Ya riƙa wuce ni yana gyaran murya. Sai ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe. Ledar nan ta fara zufa ta ciki, ganye ya yi yaushi, fure yana zubewa. Tela ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Abin ya ƙara lalacewa, ya ce iska ce take sata ta shiga ta wani wuri, ya ɗauki allura ya bi mahaɗa yana neman kafar da zai toshe.

Wata rana da tsakar rana ina gidan, muna tsince wake a inuwa, sai matarsa ta ce, "Yaya, tun ɗazu ban ji tarinsa ba." Muka zaga baya. Ta cikin ledar da ta yi hazo muka hango shi kwance tsakanin bokitai, ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Ta ƙwalla ihu. Na ja ƙofa, ya saka maɓallan duka ta ciki. Na kama mahaɗa da hannu biyu na ja iya ƙarfina, ko gezau. Ɗinkin Tela ne. Almakashinsa yana kan keke a baranda, na ɗauko na burma wa ledar na tsarge ta har ƙasa. Wani tururi ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunya. Muka jawo shi ta ƙafa, muka kwara masa ruwan randa.

Da ƙyar ya buɗe ido. Bai nemi ruwa ba, bai tambayi inda yake ba. Ya juya kai ya dubi ɗakin ledar, ya ce da wata 'yar murya, "Wa ya yi wannan yankan? Ko layi ba a bi ba."

Wallahi da ba a kwance yake ba da na mare shi.

Ɗansa ya iso a fusace. "Gwaggo, kin gani ko? Saura kaɗan tumatir ya kashe mini uba. Gobe magini zai zo."

Tela yana kan tabarma da jiƙaƙƙen tsumma a goshi, ya ce, "Damina ba ta wuce ba."

Yaron ya dube ni yana neman mai goya masa baya. Na ce, "Ni ba na bayan ubanka, ba shi da hankali. Amma kai ka furta, magana kuwa zarar bunu ce. Ka jira." Ya fita bai yi sallama ba.

Mun hana Tela zuwa bayan gida har ya warware, na kuma tafi da allurarsa gidana don kada ya ɗinke yankan. Fiye da rabin shukar ta mutu. Amma bokitan da suke kusa da inda na tsarge suka farfaɗo, suka sake fure, ga ƙudan zuma suna shiga suna fita. Ranar da aka bar shi ya fita, ya daɗe tsaye a wurin yana duban bokitan da suka farfaɗo.

Washegari da safe na zo na tarar da abin da ban taɓa zaton zan gani ba kafin in mutu. Tela ne da almakashi a hannu, yana farke ɗinkinsa da kansa. Ya yanka taga a wancan gefen, ya yanka wata a sama, kowace ya fara zana ta da alli. Ya ciro zif daga tsofaffin jakunkunan yara ya ɗinka musu, a zuge da safe a rufe idan hadari ya taso. Maɓallan ƙofa ya mayar da su waje. Yankana ma ya daidaita shi ya kalmashe masa baki.

Na ce, "Ashe dai an yi taga."

"Ba taga ba ce," in ji shi. "Aljihu ne."

Ruwan ƙarshe bai sauka ba sai da ya aika aka kira ɗan. Ya kama hannun yaron ya buɗe, ya zuba masa tumatir. 'Yan ƙanana ne, ba su cika tafin hannu ba, ɗaya ma a fashe. A kasuwa ko gyara ba za a ba ka irinsu ba. Yaron ya dube su, ya dubi uban, ya ce, "Baba, wannan ne ka kusa mutuwa a kai?"

"Ka riƙe ko ba ka riƙe ba?"

"Na riƙe."

Magini bai zo ba. Gado ma bai dawo ba, matar tana nan a ƙasa tana kuka da gwiwa. Kwanan baya Tela ya zo gaishe ni, abin da bai saba ba. Ina kicin ina haɗa masa shayi na ji shiru ya yi yawa, na leƙo, sai na gan shi a ɗakina da tef yana auna gadona. Wai barkono ma yana son ɗaki. Ranar na sa wa ƙofata kwaɗo.